Tiramol da Kodin: Alhakin Wa, Kuma a Wane Mataki?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu sa baki a wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Duk lokacin da hukumar NDLEA ta kama kwantenar Tiramol a tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Onne, ko aka wayi gari wani matashi ya kwanta barci bai tashi ba, sai majalisu su rabu gida biyu. Masu cewa "wa ya ɗura masa?" suna gefe guda, masu ɗora komai a kan talauci da gwamnati suna ɗaya gefen. Mu ma'aikatan lafiya ne da aikinmu ya shafi masu wannan larura, kuma abin da muke so mu faɗa shi ne, alhakin nan ba dutse ba ne da ke zaune wuri ɗaya. Yana sauya mazauni. Ranar da mutum ya fara haɗiyar ƙwayar farko, zaɓi yana hannunsa sosai. Bayan wata shida yana sha kullum, abin da ya rage masa na zaɓi kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin ba ya amfani sai idan akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa a buɗe masa. Wanda bai san yadda maganin yake aiki a jiki ba, ba zai iya raba wannan alhaki da adalci ba, don haka daga nan za mu fara.

Tiramol, Kodin, allurar Fenta (Fentazosin), Mofin da Hiroyin duk 'yan gida ɗaya ne, dangin ofiyom. A ƙwaƙwalwa da lakar baya da hanji akwai wasu ƙananan mazaunai masu kama da kwaɗo, kuma jiki da kansa yana ƙera mabuɗansu, wato sinadaran da ke rage zafin ciwo su kawo natsuwa bayan wahala. Waɗannan magunguna mabuɗai ne na waje da suka fi na jiki ƙarfi nesa ba kusa ba. Suna kashe raɗaɗi, suna kawo wani irin sanyin rai, suna tsayar da hanji, suna kuma rage saurin numfashi. Wannan na ƙarshe shi ne yake kisa.

Kodin shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, sai hanta ta juya wani kaso nasa ya koma Mofin. Hantar mutane kuwa ba ɗaya ba ce. Akwai wanda gadonsa ya sa tana juyawa a hankali, akwai wanda take juyawa da gaggawa, kuma irin na biyun sun fi yawa a wasu sassan Afirka, musamman Habasha da arewacin nahiyar. Shi ya sa abokai biyu za su sha kwalba iri ɗaya, ɗaya ya miƙe ya tafi gida, ɗaya a ɗauke shi ranga-ranga. Shi ya sa kuma likitoci suka hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 Kodin, suka hana mai shayarwa, domin yana bi ta nono ya danne numfashin jariri. Yawancin ruwan maganin tari mai Kodin yana ɗauke da kimanin miligiram 10 a kowane cokali na mil 5, ke nan kwalbar mil 100 tana da kusan miligiram 200, alhali iyakar da aka yarda babba ya sha a yini guda, a rarrabe, miligiram 240 ce. Mai shanye kwalba uku zuwa huɗu a rana ya ninka wannan iyaka, ga sauran sinadaran sa barci da ke cikin ruwan, ga sukarin da ke cinye haƙora.

Tiramol ya fi rikitarwa, domin aiki biyu yake yi. Bayan aikinsa irin na ofiyom, yana kuma ɗaga wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da kuzari da walwala. Wannan ne dalilin da lebura, ɗan acaɓa, mai haƙar zinariya da manomi suke cewa yana ba su ƙarfi. Gaskiyar magana ba ya ƙara ƙarfi ko na sisin kwabo, yana toshe kukan da jiki ke yi ne na gajiya, sai mutum ya ci gaba da aiki a kan gaɓoɓin da suka riga suka gaji. Hukumar NAFDAC ta amince da ƙwaya mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, kuma iyakar yini ga babba mai lafiyar ƙoda da hanta ita ce 400. Abin da ake kamawa a kasuwa kuwa mai 120 ne, da mai 200, da mai 225, har da mai 250. Biyu daga mai 225 sun riga sun haye iyaka. Da zarar an haye, haɗarin faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya yana ƙaruwa ƙwarai, ko da mutum bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Da yawa daga matasan da ake cewa aljanu sun buge su a bakin titi ko a kan babur, wannan ce ta same su. Yana kuma iya sa sukarin jini ya faɗi warwas. Masu shansa domin jinkiri a shimfiɗar aure su ma su sani: a farko yana jinkirtawa, amma dogon amfani da dangin ofiyom yana rage sinadarin mazakuta, sha'awar ma ta tafi gaba ɗaya.

To yaya sha yake komawa kamu? Idan aka yi ta danna wa mazaunan nan mabuɗin waje kullum, ƙwaƙwalwa tana kare kanta: ta rage jin maganin, ta rage ƙera nata sinadaran, ta kuma ƙara wa sashen faɗakarwa wuta domin ta daidaita. Sai ƙwaya ɗaya ta daina isa, a koma biyu, a koma biyar. Wannan sabo da jiki ke yi yana iya farawa cikin mako biyu zuwa uku na sha kullum, kuma yana samun kowa, malami ko jahili, mai tsoron Allah ko fasiƙi. Idan aka tsaya kwatsam, sashen faɗakarwar da aka ƙara wa wuta sai ya ɓarke ba birki. Cikin awa 8 zuwa 24 da shan ƙarshe za a ga hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye, majina, gumi, tsigar jiki na tashi. A kwana na biyu da na uku abin yake kai maƙura: amai, zawo, murɗar ciki, ciwon ƙashi kamar ana sara, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Yakan lafa tsakanin kwana biyar zuwa goma. Mai Tiramol yana iya samun ƙari a kan wannan, wato firgici, ruɗewa, jin kamar ana tsira masa allurai, wani lokaci har gane-gane. Bayan wannan kuma akwai wutsiya mai tsawo da iyali ba su cika sani ba: makonni ko watanni na kasala, baƙin ciki, rashin barci da rashin jin daɗin komai, abinci ko hira ko wasa da 'ya'ya. A wannan mataki mutum ba daɗi yake nema ba. Yana sha ne domin ya iya tashi ya yi wanka ya fita kamar kowa. Duk mai cewa "ai in ya ga dama yau zai bari" bai taɓa kwana da mai ciwon yankewa a ɗaki ɗaya ba.

Wannan bai wanke mai sha ba, kuma ba mu zo wanke shi ba. Amma a duba ta ina mutane suke shiga. Akwai wanda aka yi wa tiyata ko ya karye, aka sallame shi da Tiramol na wata guda ba tare da an gaya masa ranar tsayawa ba, alhali yawancin ciwon bayan rauni kwana uku zuwa bakwai ya ishe shi. Akwai mai ciwon sikila, kuma a Najeriya ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan ciwo duk shekara. Ciwo ya tashi da tsakar dare, asibiti ya yi nisa ko babu kuɗi, sai wani ya koya masa yi wa kansa allurar Fenta a gida. Bayan shekara biyu cinyoyi da damatsa sun sandare kamar itace, ga gyambon da ba ya warkewa, domin wannan allura tana kashe naman da ake yawan soka ta. Akwai matar aure da ke cikin ƙunci, ba ta da wanda za ta gaya wa, ƙawa ta miƙo mata kwalba a gidan biki ta ce za ta samu barci. Akwai yaron da ubangidansa a wurin aiki yake jefa ƙwaya a shayin safe domin a gama aiki da wuri. Akwai wanda ya tsira daga harin 'yan bindiga ko na Boko Haram, idonsa ya ga abin da ba ya barinsa runtsawa. Akwai kuma, ba shakka, wanda ya sha don nishaɗi da burge abokai, yana sane da cewa haramun ne. Duk waɗannan za su iso asibiti da alamomi iri ɗaya, amma ba adalci ba ne a ce nauyinsu ɗaya ne tun daga tushe. Binciken tagwaye da na iyalai ya kuma nuna cewa gado yana da kaso mai yawa, kusan rabi, a saurin kamuwar mutum, kuma wanda ya fara tun yana ɗan shekara 14 ko 15 ya fi saurin kamuwa, domin sashen ƙwaƙwalwa mai taka birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25.

Girman abin ma shaida ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi shaye-shaye a shekarar da ta gabaci binciken. Daga ciki miliyan 4.6 sun sha dangin ofiyom ba da umarnin likita ba, galibi Tiramol, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari, inda mata suka yi kafaɗa da kafaɗa da maza. A jihar Kano kaɗai an ƙiyasta masu shaye-shaye sun haura miliyan ɗaya. Mutum ɗaya yana iya lalacewa don kansa. Idan miliyoyi suka faɗa rami ɗaya cikin shekaru goma, sai a tambayi wanda ya haƙa ramin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amurka ta riga mu ganin wannan. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, wani maganin ciwo ɗan dangin ofiyom, ya baza wakilai suna gaya wa likitoci cewa haɗarin kamuwa da shi kaɗan ne. A 2007 kamfanin ya amsa laifin yaudara a gaban kotu, aka ci shi tarar fiye da dala miliyan 600, ya sake amsa wasu laifukan a 2020. Lokacin da aka matse rubuta maganin, waɗanda suka riga suka kamu ba su warke ba, sun koma Hiroyin, daga nan suka koma Fentanil, wani ɗan dangin da ya fi Hiroyin ƙarfi, har mace-macen shan ƙwaya fiye da kima suka haura 100,000 a shekara a 2021 da 2022. Halin Amurkawa bai lalace dare ɗaya a 1996 ba, kasuwa ce aka cika da kaya. Akwai kuma wani darasi daga can da ya fi wannan ba da ƙwarin gwiwa. A yaƙin Biyetnam, kusan soja ɗaya cikin biyar na Amurka ya kamu da Hiroyin, domin tana da arha, ga tsoro, ga kewar gida. Mai bincike Lee Robins ta bi sawun waɗanda suka koma gida a 1971, ta tarar kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa a shekarar farko. Mutanen ba su canza ba, muhallinsu ne ya canza. A gare mu ma'anar wannan a fili take: wanda aka yi wa magani aka mayar da shi majalisar da ya baro, da aikin da ya baro, da kemis ɗin da ke ƙofar gidansu, an mayar da shi fagen yaƙi ne.

Mu ma mun taka irin wannan sawu. A ranar 1 ga Mayun 2018, kwana ɗaya bayan wani rahoton bincike na BBC, Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai Kodin. Matakin ya dace, amma an rufe famfo ne ba a tanadi komai ba domin miliyoyin da jikinsu ya riga ya saba. Farashin kwalba ya yi tashin gwauron zabi, wasu suka koma Tiramol, wasu ƙwayoyin sa barci irin Roci da Diyazefam, wasu allura. A shekarar ce kuma Indiya, inda mafi yawan Tiramol ɗin da ke shigo mana yake fitowa, ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido. Masu fataucin sai suka sauya kaya, suka fara turo wata ƙwaya da aka haɗa Tafentadol, wanda ya fi Tiramol ƙarfi, da Karisofurodol mai saki jijiyoyi, a cikin fakiti mai kama da na da, har da lambar 225 a jiki. Babu ƙasar da ta amince da wannan haɗi a matsayin magani, kuma Indiya ta hana ƙera shi a watan Fabrairun 2025. Wannan yana nufin mai saye a tasha yau bai ma san abin da yake haɗiya ba. Hanyar kayan kuma ba ta san iyakar ƙasa ba, daga Legas da Kwatano da Lome take haurawa Kano, Maraɗi, Damagaram, Agadas har Libiya. A arewacin Kamaru har shanun huɗa ake ba Tiramol, abin da ya kai ga masu bincike a 2013 suka zaci itacen tafashiya ne yake ƙera sinadarin da kansa, sai a 2014 wasu suka nuna cewa daga fitsari da kashin dabbobi da na mutane yake shiga ƙasa, saiwa ta zuƙe.

Addininmu bai bar wannan tambaya a buɗe ba. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma game da giya, kuma mai sha ɗaya ne daga cikinsu. Sauran su ne mai matsawa, da wanda aka matsa wa, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta, da mai saye, da wanda aka saya wa. A auna wannan da halinmu: mai shigo da kwantena, jami'in da ya kau da kai a tashar ruwa ko a shingen hanya, dillalin kasuwa, mai kemis da lasisinsa bai ba shi izinin ajiye irin wannan magani ba amma yana da shi a ƙarƙashin kanta, ɗan siyasar da ke raba wa yara ƙwaya ranar gangami. Mu kuwa duk fushinmu a kan na goman yake sauka, domin shi ne muke gani a kwance a bakin kwata. A Buhari kuma, da aka kawo wani da aka yi wa haddi saboda giya, wani ya yi masa mummunar addu'a, sai Manzon Allah ya hana, ya ce kada su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An hukunta shi, amma ba a yarda a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Hanyar da iyalai suka fi bi ita ce a kulle mutum, a ɗaki ko a gidan mari ko a gidan yari, har sai "ta fita daga jikinsa". Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum ɗaruruwa, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura da Katsina. Ko an ajiye maganar azaba gefe, hanyar tana da wani haɗari da iyaye ba su sani ba. Bayan mako biyu zuwa uku ba a sha ba, sabon da jiki ya yi da ƙwayar yana zubewa, amma ƙwaƙwalwa ba ta manta adadin da aka saba ba. Ranar da ya fito ya haɗu da abokai, zai sha abin da yake sha a da, jikin kuwa ya koma na sabon shiga. Numfashi sai ya tsaya. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna makonni biyun farko bayan fitowa daga kurkuku su ne mafi haɗarin mutuwa ga mai wannan larura, ninki da yawa. Wanke jiki kaɗai ba magani ba ne, share fage ne.

Maganin da ke aiki yana da matakai. Da farko likita ya zauna da mutum ya ji gaskiyar abin da yake sha, nawa, sau nawa, tun yaushe, da me yake haɗawa. Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, domin yanke Diyazefam ko Roci ko giya kwatsam yana iya kawo jijjiga har da mutuwa, ya ma fi yanke ofiyom haɗari. A duba hanta da ƙoda, a yi gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau ga mai allura, a yi gwajin ciki ga mace, a kuma binciki ciwon damuwa ko wani ciwon jiki da ya sa aka fara. Mai juna biyu ba a yanke mata kwatsam, domin cikin yana iya zubewa ko ta haihu ba lokaci ba. Ga mai Tiramol ko Kodin da abin bai yi nisa ba, ana rage adadin sannu a hankali, kamar kashi ɗaya cikin goma duk mako, a ƙara sassautawa idan an zo ƙarshe, maganin kuma yana hannun wani amintacce a gida, ba a aljihun mai sha ba. Ana taimaka masa da ruwan gishiri da sukari saboda zawo da amai, da maganin tsayar da zawo, da Farasitamol ko Ibufurofen saboda ciwon jiki, wani lokaci da Kulonidin mai rage alamun yankewa, wanda dole a riƙa auna hawan jini saboda yana saukar da shi.

Ga wanda abin ya yi nisa, ko ya sha gwadawa yana komawa, akwai Metadon da Bufurenofin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005. Su ma dangin ofiyom ne, kuma mun san za a ce an sauya ƙwaya da ƙwaya. Bambancin shi ne suna aiki a hankali na tsawon yini guda, ba sa ɗaga mutum su jefar, sai ya samu ya yi sallah a kan lokaci, ya je aiki, ya kwana a gida. Suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Suna da ƙa'ida mai tsauri: Metadon ana farawa da kaɗan, bai wuce miligiram 30 ba a ranar farko, domin yana taruwa a jiki, kuma makonni biyun farko su ne na taka-tsantsan. Bufurenofin kuwa ba a fara shi sai alamun yankewa sun bayyana, in ba haka ba shi da kansa zai jefa mutum cikin ciwon. Ana ci gaba da su watanni ko shekaru, tare da zaman shawara, da shigar da iyali, da neman sana'a. Komawa sha bayan an fara magani yana samun kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kusan daidai da yadda masu hawan jini da asma suke sakin maganinsu, kuma ba a korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa.

A nan ne alhakin mai sha yake dawowa, kuma muna faɗa musu ba tare da sassauci ba. Ba a neman ka warkar da kanka da ƙarfin zuciya. Ana neman ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha, ka zo ranar da aka ba ka, ka goge lambobin dillalai daga wayarka, ka bar majalisar, kada ka hau babur ko ka ja mota da fasinja kana cikin maye, kada ka miƙa wa ƙaninka ko matarka, kuma idan ka zame ka dawo washegari maimakon ka ɓuya wata uku. Wanda ya saci kayan mahaifiyarsa zai biya, wanda ya buge mutum zai amsa. Ciwo yana bayyana dalili, ba ya goge haƙƙin wani.

Sai dai ina ƙofar? A binciken da muka ambata, kusan kashi 40 cikin ɗari na masu shaye-shaye mafi haɗari sun ce sun so magani ba su samu ba, saboda tsada, da kunya, da rashin wurin zuwa. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A Arewa ana dogaro ne da asibitoci ƙalilan irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, da sassan ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Gadajen mata kuwa sun fi ƙaranci, ga tsoron kada a ji a fasa aurenta ko a sake ta. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, an kuma rufe shagunan magani fiye da dubu a Sabon Garin Kano da kewaye a 2024 domin a mayar da sari cibiyar Dangwauro. Duka biyun ci gaba ne. Abin da muke roƙon gwamnonin Arewa shi ne kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya samu ma'aikata biyu ko uku da aka horar kan wannan larura da rana guda ta ganin marasa lafiya a mako, a sa maganin cikin inshorar lafiya ta jiha, alƙalai kuma su samu damar tura wanda aka kama da ɗan abin da zai sha asibiti, a ajiye kurkuku domin dillalai. A kuma yi hattara kada tsananin ya faɗa kan mai ciwon daji da mai sikila, waɗanda har yau da yawansu suke kwana suna ihu saboda babu Mofin a asibitin da ke kusa da su.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowane gida ya kamata ya sani yau. Alamun ƙwaya ta yi wa mutum yawa uku ne: ba ya farkawa ko an girgiza shi an murza ƙashin ƙirjinsa, baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke kamar kan allura, numfashinsa ya ragu ƙasa da sau 10 a minti ko yana wani irin minshari mai kama da shaƙewa, leɓe da farce sun yi duhu. Wannan minshari ya yaudari iyalai da yawa, suka ce a bar shi ya yi barci. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri, domin huhu za su tafi. Kada a sa shi amai, kada a kwarara masa ruwan sanyi a tafi. A kwantar da shi a gefensa, a ɗaga haɓarsa, idan numfashi ya tsaya a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar, a nemi mota nan take, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa biyar babu iska. Idan jijjiga yake yi, a janye abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki, kada a danne shi. A tafi da fakitin ko kwalbar da aka gani kusa da shi, a gaya wa ma'aikata gaskiya tun daga bakin ƙofa. Makarin dangin ofiyom allura ce mai suna Naloksan, ana yin miligiram 0.4 a tsoka, a maimaita bayan minti biyu zuwa uku idan bai farfaɗo ba. Ƙarfinta yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, na ƙwayar kuwa yana iya wuce haka, don haka ko ya buɗe ido ya ce shi gida zai tafi, a riƙe shi a asibiti na wasu awanni. Ga mai Tiramol ba ta warware komai, tana dawo da numfashi amma ba ta hana jijjiga. Allura ce mai arha da ba ta sa maye, kuma ya kamata shugaban kowane asibiti da kowace cibiyar lafiya ta matakin farko ya buɗe kabad ɗin gaggawa a wannan makon ya duba ko tana ciki, ya kuma duba ranar lalacewarta.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Kano.